Dattijon Baranda

Tudun Wada, Zariya
12 ga Janairu, 2014

Zakiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya zaman kaɗaici? Saƙon ta'aziyyarki ya iso, na gode, Allah ya ba da lada.

Kada ki ga ban kira ki ba. Tun ranar da aka kai Injiniya makwancinsa na kashe waya na jefa ta a akwati, domin duk wanda ya kira sai ya sa na maimaita yadda ya yanke jiki ya faɗi, ni kuwa na gaji da faɗa. Ƙanwata Bilkisu za ta shigo Dubai sarin kaya, ita za ta kawo miki wannan takarda.

A nan gidansu zan yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Sai ƙarshen Afrilu za ki gan ni, in Allah ya kai mu. Bizarki da ke kan sunansa an yi mana haƙuri har in dawo. A lokacin zan duba abin da ya dace, ko a mayar da ita kan sunana, ko kuma wani abu daban. Yanzu kaina ba ya ɗaukar wannan magana.

Dattijo ne ya sa na ɗauki biro. Shekara ashirin da ɗaya Injiniya Dikko yana renon ɗan itacen nan, ya ma girmi aurenmu. Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba. Rigunansa da takalmansa 'yan'uwa sun raba tun ranar bakwai. Abin da ya bari mai numfashi shi ne wannan da ke barandarmu.

Ki ba shi ruwa da safe yadda ya koya miki. Ban da ruwa, kada ki taɓa shi. Kada ki matsar da shi, kada ki yanke masa komai, kada ki bar kowa ya shigo gidan. Na roƙe ki don Allah.

Ki huta lafiya.

Hajiya Turai

*

Al Nahda, Dubai
21 ga Janairu, 2014

Yaya Sulemana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya ciwon baya? Da kunnenka yana ji, wallahi da waya zan kira ka in yi ta kuka. To tunda injin kamfani ya cinye kunnen, ga takarda. Na ba Malam Idris direbanku, ya ce Talata da Asabar yake biyowa ta layinmu.

Yaya, na shiga uku.

Ka san ɗan itacen ubangidana marigayi, wanda nake ba ka labari. Junifa sunansa, irin renon nan da ake kira bonsai, inda ake hana itace girma a ajiye shi a kasko. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma jikinsa a murɗe yake kamar na tsohon da ya ga duniya, shi ya sa Injiniya yake ce masa Dattijo. Shekara shida ina aiki a gidan nan, ban taɓa yi masa komai ba sai ruwa.

To kafin su tafi hutu gida, Injiniya ya zagaye ranar Juma'a sha bakwai ga wata da jan biro a kalandar kicin, ya rubuta: "A sauya wa Dattijo ƙasa." Kullum in na zo ɗora shayi sai idona ya faɗa kan rubutun nan. Mutum ya mutu ya bar aiki a rubuce da hannunsa. Na ce wannan ai wasiyya ce, kuma ba kowa a gidan sai ni.

Ranar Juma'a na ɗaura zane na yi yadda mahaifiyarmu Mma take dasa barkono a bokitin fenti a gida Aboabo. Na sayo babbar tukunyar roba da baƙar ƙasa da taki. Da na zo cire shi daga kaskon, ashe a ɗaure yake da waya ta ƙasa kamar ɓarawo. Na yanke wayoyin. Yaya, babu ƙasa kraa a ciki, ko ɗigo, tsakuwa ce zalla. Saiwoyin sun cure wuri ɗaya kamar soson wanka. Tausayi ya kama ni, na ce haba, shekara ashirin ana ba bawan Allah tsakuwa. Na kai shi famfo na wanke saiwoyin tas, na sa almakashin kicin na rage masu tsawo, kusan rabi. Na dasa shi a baƙar ƙasa, na danne da hannu, na ba shi ruwa har ya ƙoshi. Sannan na ga iskar baranda da sanyi, na shigo da shi falo kusa da esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ranar nan har addu'a na yi wa Injiniya, ina jin na sauke nauyi.

Jiya Litinin sai ga Anti Bilkisu da wasiƙar Hajiya. Ta ce kada in taɓa shi. Kada in matsar, kada in yanke. Yaya, babu ɗaya da ban yi ba. Ina gama karantawa na zauna a ƙasan kicin. Allah ya so ni Anti tana sauri, daga bakin ƙofa ta juya.

Ka san bizata a hannun matar nan take. In ta sallame ni, karatun 'yata Muniratu ya tsaya, kuma da wane ido zan kalli Mma? Amma ba wannan kaɗai ba ne. Ta ce shi ne abin da mijinta ya bari mai numfashi.

Abu ɗaya ke ɗan kwantar mini da hankali: kore yake shar. Kwana huɗu ke nan, ko ganye ɗaya bai faɗi ba. Kai da ka yi shekara tara a kamfanin shuke-shuke, don Allah ka ce mini ba komai.

Ƙanwarka,
Zakiya

*

Al Quoz
24 ga Janairu, 2014

Zakiya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, bayan nan kuma yana nan inda kika bar shi.

Ba zan ce miki ba komai ba, domin da komai. Junifa ba barkonon Mma ba ne. Tun kina ƙarama haka kike, in kika so abu sai kin ɗura masa abinci har ya shaƙe. Kin tuna 'yan tsakin Baba?

Koren da kike gani kada ya ruɗe ki. Wannan itace ba ya nuna mutuwarsa da wuri. A sitonmu na ga wanda aka sare aka jefar a bayan gini, ya yi sati shida yana kore kamar ba abin da ya same shi. Mai yiwuwa naku yana da rai, mai yiwuwa ya tafi tun ranar Asabar. Sai Maris za mu sani.

Tsakuwar nan ba rowa ba ce. Saiwarsa iska take so, baƙar ƙasa kuwa riƙe ruwa take yi har saiwa ta ruɓe. Tsohuwar ƙasar da ke manne a gindinsa, wadda kika wanke, a cikinta abin da ke taimaka masa cin abinci yake, ba a taɓa wanke ta duka. Esi kuma busar da shi zai yi. Khalas, shi ke nan, an riga an yi. Yanzu ki yi abin da zan faɗa, gobe da safe, kada ki ƙara naki.

Ki duba kabad ɗin baranda. Mutumin da ya sa rana a kalanda ya tanadi kayansa. Za ki ga tsakuwa iri uku: ja mai kama da fasasshen tulu, fara marar nauyi, da baƙa mai kaushi. Ki haɗa su daidai wa daida, ki tankaɗe ƙurar da rariya. Ki ɗauko tsohon kaskon, ki rufe ramukan gindinsa da 'yar raga, ki zura waya biyu ta ciki.

Ki fito da itacen da hannu biyu ta ƙasa, kada ki ja shi ta wuya. Ki sa tsinke ki kakkaɓe baƙar ƙasar shwaiya shwaiya, a hankali. Ba famfo! Saiwar da ta yi baƙi tana santsi ki yanke, wadda take fara ko ruwan ƙasa ki bar ta ko da guda ce. Ki tara tsakuwa kamar ɗan tudu a tsakiya, ki zaunar da shi a kai, ki ɗaure da wayar har sai kin ɗaga shi kaskon ya biyo. Ɗaurin nan da kika kira na ɓarawo shi ne rayuwarsa, domin sabuwar saiwa kamar gashi take, in itace ya motsa ta tsinke. Ki cika da tsakuwa kina tsokana tsinke don kada a bar kogo. Ki zuba ruwa har ya riƙa fita garau.

Daga nan baranda, cikin inuwa, inda iska ba ta dukansa. Ki fesa wa ganyen ruwa sau uku a yini, yanzu ta nan zai riƙa sha. Ki soka tsinke a tsakuwar ki bar shi, in kin zaro kin ji ya kusa bushewa, sannan ki ba shi ruwa. Taki ko ƙwaya ɗaya a'a. In kin ga wani busasshen reshe fari, ki ƙyale shi, da gangan ake barinsa.

Da na zo da kaina, amma masu gadinku ba sa barin mai rigar aiki ya hau ba da izinin mai gida ba, kuma matar ta ce kada kowa ya shiga. Kada mu ƙara laifi a kan laifi.

Abu na ƙarshe. Ki rubuta wa Hajiya ki faɗa mata.

Yayanki,
Sulemana

*

Al Nahda
11 ga Fabrairu, 2014

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna, ba ni da labarin da zan bayar ne sai tsoro.

Na yi duk abin da ka ce. Kabad ɗin na nan kamar yadda ka faɗa, buhu uku, har da raga a yanke da waya a naɗe, da sabon tsinke. Ya shirya komai, Yaya. Taku biyar ne daga kalandar zuwa kabad ɗin, ban buɗe ba. Da na ga kayan nan kuka na yi paa, sosai da sosai.

Da na fito da shi daga baƙar ƙasa wani wari ya buge ni, irin na kwata. Kwana takwas kacal. Saiwoyin da yawa sun yi baƙi, ina taɓawa suna saluɓewa a hannuna. Masu ɗan haske da suka rage duk a gefe ɗaya suke, wajen ƙaramin reshen da ya yi ƙasa. Na ɗaure shi, na ɗaga, kaskon ya biyo.

Tun daga ranar ba ni da aiki sai kallonsa. Ina idar da sallar asuba baranda nake nufa da 'yar kwalbar feshi. Kore yake har yanzu, kuma koren nan ne yake kashe ni. Da na ga shuka kore murna nake yi, yanzu in na dube shi sai in ji kamar gawa ce a zaune tana kallona. Wani lokaci in ga kamar launin saman ya dushe, wani lokaci in ce idona ne. Abinci ma ba ya shiga.

Ban faɗa wa Hajiya ba. Kada ka yi mini faɗa. Na fara rubutawa sau uku ina yagewa. In ya rayu, me ya sa zan ƙara wa mai takaba baƙin ciki?

Ga kuma sabuwa. Wata ƙawar Anti Bilkisu ta kawo mini 'yar takarda daga Hajiya, layi uku. Wai in yanko mata ɗan ganyen Dattijo kamar tsawon yatsa, in naɗe a auduga in aika. Ta ce in Injiniya ya gama gyara shi hannunsa ƙamshin ganyen yake yi, kuma ta fara manta ƙamshin. Na zaɓi wanda ya fi kyau a can sama. Yaya, ban ma matse almakashi ba ya karye ƙas. Da can lanƙwasa yake yi. Gobe matar za ta koma, dole in ba ta.

Ka sa ni a addu'a.

Zakiya

*

Al Nahda
12 ga Fabrairu, 2014

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Injiniya, ya sa ya huta.

Ga ganyen da kika ce. Dattijo yana nan a kaskonsa a baranda, kore ne, ina ba shi ruwa kullum. Gida lafiya lau. Na wanke labule, masu gyaran esi sun zo na ce su bari sai kin dawo.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Taki,
Zakiya

*

Al Nahda
4 ga Maris, 2014

Yaya Sulemana,

Gaisuwa. Maris ɗin da ka faɗa ya zo.

Saman ya tafi. Ya fara da toka-toka, yanzu ya koma launin busasshiyar taba. In na fesa ruwa ganyen zuba yake yi a kan tsakuwa, in tsince in ɓoye a leda, ban ma san wa nake ɓoye wa ba. Manyan rassa uku duk haka. Na ƙasan ne kawai bai sauya ba, kuma ka ce kore ba shaida ba ne.

Ko ƙarar lif na ji ya tsaya a hawanmu sai in ce Anti Bilkisu ce aka aiko ta duba. Shekaranjiya mai karanta mita ya ƙwanƙwasa, wallahi ban amsa ba sai da ya faɗi ko wane ne.

Yaya, zan roƙe ka wani abu, kada ka zage ni. Ka ce a sitonku akwai irinsa da kuke kai wa otal-otal. Ka duba mini mai kama da shi. Na zana maka siffarsa a bayan takardar nan: ya karkata hagu, ya murɗe sau biyu, da farin reshe ɗaya a dama. Ka ɗaura masa waya ka lanƙwasa shi, saura sati bakwai. In sa shi a kaskon Injiniya. Hajiya ba ta taɓa ba shi ruwa da hannunta ba, daga falo take hangensa. Ba don kaina kaɗai ba, don kada matar nan ta buɗe ƙofar baranda ta ga ya mutu sau biyu.

Ka taimake ni, ba ni da kowa a garin nan sai kai.

Zakiya

*

Al Quoz
7 ga Maris, 2014

Zakiya,

Salam. Na ga zanenki. Kamar ƙadangare ya hau sanda.

A'a. Ba zan yi ba.

Da farko, ba zai yiwu ba. Namu 'yan shekara biyar ne, jikinsu sumul. Abin da mutum ya yi da hannunsa a shekara ashirin da ɗaya ba a yinsa a sati bakwai. Kin ce daga falo take hangensa. To shekara nawa tana hangen? Matar da ta san ƙamshinsa a hannun mijinta, ita za ki ba baƙo ki ce Dattijo ne?

Na biyu, abin da kika yi a Janairu kuskure ne, kowa yana yi. Ni ma na kashe guda biyu a shekarata ta farko. Abin da kike so mu yi yanzu sunansa daban, kuma Mma ba ta haife mu a kansa ba. In aka kore ki a kan kuskure, zan tsaya a Aboabo in faɗa wa kowa da bakina. In aka kore ki a kan wancan, ban san me zan ce ba.

Na san kina so ki san ko da rai. Akwai hanya, tun tuni ban faɗa ba don lokaci bai yi ba. Ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshe, kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa. In ƙasan ɓawon kore ne da danshi, yana da rai. In ruwan ƙasa ne a bushe, wannan reshe ya tafi. Ki fara daga sama ki yi ƙasa. Junifa kowane reshe da hanyar ruwansa daga saiwa, ɗaya yana iya mutuwa ɗaya ya rayu.

Duk abin da kika gani, ki rubuta wa matar nan. Tsoron da kike ji ni ma ina jinsa, jiya na zuba wa furen otal ruwa sau biyu ban sani ba. Amma ki rubuta.

Yayanki,
Sulemana

*

Al Nahda
15 ga Maris, 2014

Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Wasiƙar da na aiko miki a Fabrairu ba gaskiya ba ce. Kowace kalma a cikinta haka take, amma na jera su ne don in rufe ki.

Kwana uku kafin wasiƙarki ta farko ta iso, na sauya wa Dattijo ƙasa. Injiniya ya rubuta ranar a kalandar kicin, ni kuma na ɗauka sauke masa nauyi nake yi. Ban san yadda ake yi ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na wanke saiwarsa, na yanke rabi, na sa shi a baƙar ƙasa da taki, na ajiye shi gaban esi. Yayana Sulemana da ke aikin shuke-shuke a Al Quoz ya koya mini ta wasiƙa yadda zan mayar da shi kaskonsa da tsakuwar da Injiniya ya tanada. Bai shigo gidan ba, ba wanda ya shigo. Amma kafin in mayar, saiwar ta riga ta ruɓe da yawa.

Yayana ya ce in kankare ɓawo da farce in ga ko da rai. Sati guda ina zuwa in ɗora farcen in janye. Yau da safe na yi bismilla na kankare. Reshen sama busasshe ne. Na biyu busasshe, na uku ma haka. Da na zo kan ƙaramin na ƙasa, wanda Injiniya yake cewa shi ne autan, na rufe ido na kankare. Kore ne, Hajiya, da danshi. Shi kaɗai.

Ke nan kashi uku cikin huɗu na abin da kika ba ni amana ya mutu a hannuna. Wanda ya rage ma ban san ko zai wuce zafin da ke tafe ba. Ba zai ƙara komawa yadda kika san shi ba.

Har na yi tunanin in samo wani in sa a kaskon in ce shi ne. Yayana ya hana ni. Na faɗa miki wannan ma don kada ya rage wani abu a ɓoye.

Ina tsoron kora, ba zan ce ba na tsoro ba, ina da 'ya a makaranta. Amma abin da ya fi hana ni sakat shi ne ranar da za ki buɗe ƙofar baranda. Gara ki ji daga gare ni tun kina cikin 'yan'uwanki. Duk abin da kika yanke na karɓa. Ki yafe mini don Allah.

Zan kai wannan wasiƙa ofishin masu kago, masu aika kaya gida, a Port Saeed, sun ce akwai mai tafiya Zariya jibi.

Zakiya

*

Al Nahda
8 ga Afrilu, 2014

Yaya,

Ina gaisuwa. Na rubuta mata kamar yadda ka ce, yau kwana ashirin da huɗu. Shiru. Na koma wajen masu kago sau biyu, sun rantse an ba ta hannu da hannu.

Na haɗa jakata na ajiye a bayan ƙofa. Ban faɗa wa Muniratu ba tukuna.

Zafi ya fara. Na ɗaura ragar inuwar da Injiniya yake sawa, na naɗe kaskon da jiƙaƙƙen buhu. A bakin ƙaramin reshen nan na ga wasu ɗigo-ɗigo masu haske, ƙanana kamar kan allura, guda bakwai. Ban sani ba ko toho ne ko wata cutar ce kuma. Ina tsoron in yi murna.

Busassun rassan nan uku suna tsaye a kansa, muninsu ya yi yawa. In yanke su kafin ta dawo? Ka ba Malam Idris amsa ranar Asabar.

Zakiya

*

Tudun Wada, Zariya
13 ga Afrilu, 2014

Zakiya,

Wa alaikumus salam.

Na sani tun Fabrairu. Da na buɗe audugar na murza ganyen, garin ya zube a tafina, babu ƙamshi. Na zauna da itacen nan shekara goma sha takwas, na san koren da babu kowa a cikinsa. Ban tambaye ki ba domin ni ma tsoro nake ji. Haka na yi da Injiniya: wata shida ina ganin yana tsayawa a matakala yana mayar da numfashi, na ƙi tambaya, don fuskarsa lafiya take.

Na yi fushi da ke, fushi mai yawa, shi ya sa na yi shiru. Wasiƙarki ta Fabrairu ta fi ɓata mini rai a kan baƙar ƙasar. Ta Maris na karanta sau biyar.

Kada ki yanke busassun rassan. In reshe ya mutu, Injiniya ɓare shi yake yi ya goge har ya yi fari, ya bar shi a jikin mai ran. Ki tambayi yayanki yadda ake yi, kuma ki gaya wa masu gadi na ba shi izinin hawa. Amma ku jira ni, ina so a yi a gabana.

Zan sauka ranar Alhamis ashirin da huɗu ga wata. Ki fito da fasfonki, ranar Lahadi za mu je a mayar da bizarki kan sunana. Zafin Yuli yana zuwa, ni kuma ban ma san inda kwalbar feshin take ba.

Hajiya Turai